Azumin Mai Walda

Mai walda mutum ne da ke narka ƙarfe ya lanƙwasa shi yadda ya ga dama, amma bai taɓa dafa ko ruwan shayi ba. Da matarsa za ta tafi aikin Hajji, yayarsa ta ce za ta riƙa aiko masa da abinci, tunda yaran duk sun yi aure sun watse. Ya ce a bar shi. Shi da ya tsufa yana wasa da wuta, wai shi za a tsorata da murhun gas?

Abincin da matar ta jera masa a firji ya kai shi har ƙarshen Zulƙida. Ranar da ya ƙare, ya ɗora shinkafa ya fita duba wata ƙofa da yake haɗawa, hira ta ɗauke shi. Ya dawo ya tarar da kicin ya turnuƙe, tukunyar da matar ta fi ji da ita ta koma gawayi. Ya kankare iya ƙarfinsa, da abin ya gagara ya tura ta bayan tankin ruwa, ya kwana da yunwa.

Washegari da azahar mai kanti, maƙwabcinsa, ya ga leɓensa a bushe ya tambaye shi ko ya ci abinci kuwa. In ya ce bai ci ba, kafin la'asar zancen zai isa kunnen Yaya, ita kuwa ba ta yafe irin wannan. Sai bakinsa ya riga shi.

"Azumi nake."

Mai kanti ya riƙe baki. Ya ce lallai an riga su, yau ɗaya ga Zulhajji, ga su nan suna ta ciye-ciye. Mai walda bai ma san watan ya kama ba, amma ya gyaɗa kai kamar shi ya fara ganinsa. Ruwan da ya kwankwaɗa da hantsi kuwa, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa.

Kafin magariba kwanuka suka fara sallama. Kowace mace a layin tana son ladan ciyar da mai azumi, balle wanda matarsa ke Ƙasa Mai Tsarki. Ya sha ruwa da na gidan mai kanti, ya ɗora da na gidan tela, ya ajiye na gidan mai kemis don sahur. A nan ya gano abin da malamai ba su taɓa faɗa masa ba: mai azumi ba ya buƙatar iya girki.

A yi masa adalci, daga rana ta biyu bai ƙara kai ko ɗigon ruwa bakinsa ba. Yana tsaye kan wutar walda, gumi na zuba, maƙogwaro kamar an yayyafa masa yashi. Sai dai idan ya zo niyya, baki ne ke faɗa, zuciya tana wajen shuɗin kwanon gidan mai kemis. Da la'asar yakan fara lissafin wa zai aiko da me. Kwano na shigowa zai ɗaga murfi ya leƙa, har ya san matar da ke cika gishiri.

Liman ma ya sa baki. Bayan sallar asuba ya tuna wa jama'a cewa babu ranakun da Allah ya fi son aikin alheri a cikinsu kamar waɗannan goman, ya ce ga wani bawan Allah nan a cikinsu, yana aikin wuta bai sha azumi ko ɗaya ba. Mai walda ya sunkuyar da kai. Aka ce tawali'u ne.

Ranar Arfa da rana wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce, muryarta a dishe, bayanta ana jin talbiyya da hayaniyar mutane. Ta ce Yaya ta ba ta labari, ta yi kukan daɗi har matan tantinsu suka taru a kanta. Tun aurensu take roƙon Allah ya sa masa son ibada ba sai ta tura shi ba, kuma wannan ce addu'ar da ta ɗauko a kan gaba don ta yi a wannan fili. Yanzu tunda an amsa tun kafin ta ɗaga hannu, za ta cire shi ta sa ƙanwarta mai ciwon ƙafa a gurbinsa.

Ya san darajar wannan yini, ya san ba kowace shekara ake samun mai tsaya wa mutum a wurin ba. Ga shi kwanon shinkafa zai sa a cire shi. Tsoro ya kama shi, na gaske.

"Kada ki cire ni," in ji shi. "Don Allah ki bar ni a inda nake."

"Me ya faru, Malam?"

Ya faɗa mata duka, har da leƙen murfi. Sai ya ji tana ƙoƙarin danne dariya. Ta ce Yaya ta ga tukunyar a bayan tanki tun ranar da ta zo yi masa shara, kuma ba ta ɓoye mata ba.

"To me ya sa kika ce za ki cire ni?"

"Ina so in ji ko kana son wurin ne. Rana ba ta faɗi ba tukuna, ni zan roƙa daga nan, kai ma ka taya ni daga can. Maganar tukunya sai na dawo."

Ya kashe injin walda, ya yi alwala, ya shimfiɗa darduma a falo. Ya ɗaga hannuwan nan masu tabon ƙuna, ya rasa ta inda zai fara. Daga ƙarshe ya ce, "Ya Allah, ka dai ga yadda aka yi." Daga nan maganar ta ɓalle, hawaye suka biyo ta.

Kwanuka suka zo kamar kullum, aka jera su a bakin ƙofa, har da shuɗin. Sai da ladan ya gama kiran magariba ya tuna bai ɗaga murfin ko ɗaya ba.