Ranar da Rumbun Saƙonni Ya Ƙi Buɗewa

A daminar da ta biyo bayan zaɓe na biyu na mulkin farar hula, Safiyatu ce kaɗai mai kula da kwamfutoci a ofishin wani shirin noman rani da ke Wudil, kan hanyar Darki. A wani ɗan ɗaki marar taga aka ajiye babbar kwamfutar da suke kira saba, wadda ke riƙe da saƙonnin imel na ma'aikata gaba ɗaya tun kafuwar shirin.

Rumbun saƙonnin ya kumbura har sabar ta fara jan ƙafa. Ana goge saƙo, amma gurbinsa yana nan a cikin fayil ɗin, ba ya raguwa. Maganin shi ne a rufe rumbun, na'ura ta kwashe abin da ke ciki zuwa sabon fayil a tsare, ta watsar da guraben banza. Safiyatu ta taɓa yi a makaranta a Kano, amma a kan ɗan ƙaramin rumbun gwaji.

Ta zaɓi ranar Juma'a bayan masallaci, lokacin da kowa ya nufi kasuwa. Ta rufe rumbun, ta ba da umarni, ɗigo-ɗigo suka fara jeruwa a kan allo. Sun haura rabi sai suka tsaya. Ta jira. Can sai rubutu ya fito cewa aikin ya katse, babu sauran wuri a faifan ajiya.

Ta yi ƙoƙarin buɗe rumbun kamar da, ya ƙi. Ta sake, ya ƙi. Ta ɗauko kaset ɗin da take kwafe rumbun a kai duk mako, ta saka, na'urar ta yi ta gurnani sannan ta tofo shi. Kwafin da ke cikinsa bai karantu ba.

Tana cikin haka ta ji tsayuwar mota. Alhaji Maikano ne, shugaban shirin, da babbar rigarsa ta Juma'a. Bayan sun gaisa ya ce, "Malama Safiyatu, gara da na same ki. Yanzu aka sanar da ni kwamitin bincike na sabuwar gwamnati zai zo ranar Litinin. Sun ce kada a taɓa komai, har da saƙonnin nan. Buɗe min nawa in duba."

"Ranka ya daɗe, ba za su buɗu yanzu ba."

"Wuta ce?"

"A'a. Gyara nake yi, ya tsaya a hanya."

Ya daɗe yana kallon allon, duk da ba abin da yake ganewa a kai. Ya cire hula ya share goshi. "Kin san abin da za a ce? Za a ce na ji kwamiti na zuwa na sa ki goge. Ba wanda zai yarda gyara ne. Ni da ke za a fara kira."

Safiyatu ta tuna wani maƙwabcinsu a Sabon Gari da aka tafi da shi amsa tambayoyi zamanin soja, ya dawo ba ya iya riƙe kofi. An ce zamani ya sauya, amma ranta bai yarda ba. Ta tuna mahaifinta, wanda ya sha surutun dangi kafin ya bar ta ta karɓi aikin nan.

Ta fita neman layin waya, don a cikin ginin ba a samu. Sai a gindin darbejiyar bakin ƙofa ta sami Malam Abdulbaqi, malaminta na Kano, a waya. Hadari ya haɗo daga gabas, iska tana kwasar maganarsa.

"Kada ki sake ba da wani umarni," in ji shi. "Fayil ɗin na asali yana nan, in Allah ya so. Sabon fayil ɗin da bai ƙarasa ba ne ya cinye wurin, shi ya hana rumbun tashi. Ki cire shi."

"Malam, in na cire wanda ba shi ba fa?"

"Ki dubi suna, ki dubi lokacin da..." Layin ya yanke, bai sake shiga ba.

Ta koma ciki da gudu, ruwa ya fara sauka. Aka ɗauke wuta, batirin sabar ya shiga ƙara. Alhaji Maikano da kansa ya naɗe hannun riga ya fita cikin ruwa, shi da mai gadi suka tayar da janareta.

Manyan fayil biyu ne a gabanta. Ɗaya yana ɗauke da sunan da ta sani, ɗayan baƙon suna ne, an ƙirƙire shi yau da rana. Ta karanta, ta sake karantawa, har haruffan suka fara yi mata rawa. Alhaji ya dawo ya tsaya a bayanta, ruwa na ɗiga daga rigarsa.

"Kin tabbata?"

"Ban tabbata ɗari bisa ɗari ba, ranka ya daɗe. Amma wannan ne."

"To, bismillah."

Ta goge baƙon fayil ɗin. Ta ba da umarnin buɗe rumbun. Na'urar ta yi ta ƙugi ba amsa. Sai alamar da ke kan allo ta sauya, rumbun ya tashi.

Suka tafi ofishinsa. Saƙonni suka zubo, na safiyar nan a sama, na shekarar farko can ƙasa. Ya buɗe wasu tsofaffi ya karanta, sannan ya zauna a kujera.

"Ragowar gyaran fa?" ya tambaya.

"Sai an sayo wani faifan, kuma sai kwamiti ya gama. Amma yau ba zan tafi ba sai na kwafe rumbun a sabon kaset, na gwada shi."

Ya jira ta har ta gama, ya kai ta gida a motarsa. Ranar Litinin kwamitin ya zo, mutum ɗaya daga cikinsu ya zauna a gaban sabar ya yi ta ƙorafin jinkirinta. Safiyatu tana tsaye a bakin ƙofa, ta ce masa haka take, sai haƙuri.