Golan Da Ba Ya Cikin Hoto

Ni Mastura ban taɓa son ƙwallo ba, kuma ba zan ce ina so yanzu don Baba ya rasu ba. Tun ina ƙarama a unguwar Karantina ta Jidda, da Baba Haladu ya zauna a ƙofar gida ya ɗauko labarin tafiyar Ɗa'ifa, sai in ɗauki tsintsiya in shige ciki. Labari ɗaya, shekara talatin! Har nakan ce masa, "Haba Baba, wannan fenaritin da ka tare ai ya gaji da taruwa." Sai ya yi dariya, ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Ga yadda abin yake. Kakanmu ya zo aikin hajji daga Sudan, bai koma ba. Baba yana da shekara goma sha tara, babu iƙama, wato izinin zama a ƙasa, babu ko takarda ɗaya mai sunansa, ya samu aikin sharar filin wasa a wata kwaleji a nan Jidda. Filin turɓaya ne, shi ke zuba farar ƙasa ya ja layi. A shekarun ne kwalejoji suka fara haɗa wasa a tsakaninsu. Golan kwalejin wani ɗalibi ne mai suna Abdulmohsen, wanda mahaifinsa ya rantse ba zai sake ganinsa yana birgima a ƙasa kamar jaki ba. Malamin wasanni kuwa ya sha ganin mai shara yana tare ƙwallo bayan an tashi. Shi ke nan, aka miƙa wa Baba katin wasan Abdulmohsen. Hoton katin ya dishe, su biyun kuma dogaye ne baƙaƙe.

Malamin ya kafa sharaɗi biyu. Kada wanda ya kira shi da wani suna sai Abdulmohsen, ko a fili, ko a bas, ko a masallaci. Na biyu, kada ya shiga hoto, don in jarida ta buga fuskarsa da sunan ɗan mutane, asiri ya tonu, shi kuma sai a jefa shi jirgin ruwa a fitar da shi daga ƙasar. Saboda haka duk lokacin da aka jeru, Baba ne ke karɓar kamara ya ce, "Ku matsa, ni zan ɗauka."

Shekara huɗu yana bin su. Tsohuwar bas, an ɗaure sandunan raga a samanta domin wasu filayen ba su da su. Tukunyar dafaffen wake, wato ful, da burodin tamis a ƙarƙashin kujera. A hawan dutsen Ɗa'ifa injin ya yi zafi, 'yan wasa suka sauko suna turi, birai suka kwashe tamis ɗin kaf. Da yunwa suka shiga fili, kuma a ranar Baba ya tare fenariti ana daf da tashi, suka dawo da kofinsu na farko. Sun je Madina, sun je Yanbu. Duk na haddace, ba don ina so ba.

Da aka rushe Karantina muka koma ɗaki biyu a unguwar Sharafiyya, kuma tun daga nan kan Baba ya soma juyewa. Sai ya nemi ƙofar gidan da babu shi. Wani lokaci ya kira ni da sunan mahaifiyata. Ya daɗe da samun iƙamarsa, amma da ya ga mai kaki sai ya sunkuyar da kai.

Bara na gani a waya cewa kwalejin za ta buɗe bangon tarihin ƙungiyarta, wasannin farko da tafiye-tafiyensu. Na karanta masa don nishaɗi kawai. Ranar hankalinsa ras yake. Ya kama hannuna ya ce, "Mastura, gidana ya tafi, abokaina sun tafi. Abu ɗaya nake so, a rubuta Haladu a bangon nan kafin in kwanta dama."

Wallahi sai na ji kunyar duk tsintsiyar da na taɓa ɗauka.

Na je kwalejin ni kaɗai. Mai kula da aikin wata matashiya ce, Lujain, mai ladabi har ta hana ni samun abin yin faɗa, ni kuwa da faɗana na je. Ta baje mini hotuna sun kai arba'in. Ga bas, ga sanduna a sama, ga kofi. A kowane hoto mutum goma ne cikin rigar wasa, babu gola. A wasu, inuwar mai ɗauka ta kwanta a ƙasa, doguwa, da gwiwar hannu biyu a buɗe.

Na dangwala yatsa na ce, "Ga ubana nan."

Ta kira ni Khala, wato inna da Larabci, ta ce, "Na yarda da ke. Amma ba a rubuta suna a kan inuwa. Takardunmu sun ce Abdulmohsen, shi kuma ya rasu tuntuni. Mutum ɗaya ya rage a cikinsu, Ammi Yahya, kyaftin ɗinsu. Zai zo ranar buɗewa. In ya shaida shi, halas, shi ke nan, da hannuna zan rubuta."

Ranar buɗewa, Alhamis da hantsi, na sa wa Baba farar riga, na fesa masa turare, muka hau tasi. Duk hanya ina nanata masa, "Baba, in an tambaye ka sunanka, me za ka ce?" Yana cewa, "Haladu mana, kin mayar da ni yaro?"

Muna shiga zauren aka turo wani tsoho a keken guragu. Tun daga nesa ya ƙura wa Baba ido. Ya yunƙura zai miƙe, ƙafa ta ƙi. Ya buɗe hannuwa yana kuka, ya ɗaga murya, "Abdulmohsen! Golanmu! Kana raye?"

Baba ya ruga ya rungume shi, ya amsa, "Na'am, kyaftin."

Kai! Ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi. Na kutsa tsakaninsu na ce, "Ya Ammi, baffana, don girman Allah, wane Abdulmohsen? Faɗi sunansa na gaskiya!"

Yahya ya dube ni, ya dubi Baba. Ya ce, "Ya binti, 'yata, na san ba shi ne mai katin ba, duk mun sani. Amma malam ya hana mu tambaya, mu kuma muka riƙe amana. Shekara huɗu muna cin ful a kwano ɗaya, wallahi ban taɓa jin sunansa ba."

Na juya na ce, "Baba, faɗa musu! Yalla, maza faɗi!"

Ya dubi taron jama'a, ya dubi mai gadi cikin kaki a bakin ƙofa. Na ga idonsa ya canja, na san ya bar wannan shekarar. Ya matso kunnena ya ce a hankali, "Yi shiru, ke. So kike a kama ni?"

Lujain ma hawaye take. Ta ce, "Ba komai, Khala. Kyaftin ya shaida fuskarsa, ke kin san sunansa. Su tsaya tare in ɗauke su, in manna hoton, in rubuta Haladu a ƙasa. Fuskar kawai nake bukata."

Na gyara masa wuyan riga, na tsayar da shi kusa da keken Yahya. Na tsaya gefe guda don kada ya ji tsoro. Lujain ta ɗaga wayarta. Kafin in ankara, tsohon da ba ya iya hawa bene sai an riƙe shi ya zame daga hannuna kamar kifi. Ya isa gabanta, ya karɓe wayar cikin ladabi, ya ja baya taku uku, ya buɗe gwiwar hannunsa biyu.

Ya ce, "Ku matsa, ni zan ɗauka." Ya kuwa ɗauka.

Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka a gaban mutane. Sau uku muka gwada. Da an ɗaga waya sai ya rufe fuska da hannun riga, har Yahya ya ce, "Ƙyale shi, ya binti, kada ki azabtar da shi." Lujain ta ce in dawo da shi wata rana in ya natsu. Ranar ba ta zo ba. Bayan wata biyu muka kai shi makwancinsa.

Na kai wa Lujain hoton iƙamarsa, amma Yahya ma ya riga ya bi shi lahira, babu mai sa hannu. Sai ta manna wancan hoton na ranar Alhamis a ƙarshen bango. Yahya ne a kekensa, ni kuma a tsaye da kumburarren ido, tsakaninmu fili daidai tsayuwar mutum ɗaya. A ƙasa, da ƙananan haruffa, ta rubuta abin da takarda ta yarda da shi: wanda ya ɗauki hoto, Haladu.