Safar Malam Rabo

Ko a tsakiyar bazara, lokacin da ƙasar Konni take ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi, ba a taɓa ganin Malam Rabo babu safa ba. Baƙaƙe, masu kauri, har ƙwauri. Hajiya Zuwaira, shugabar ƙungiyarsu ta kula da masu taɓin hankali, ta mayar da safar nan abin tsokana. Da ma mataimakinta ne, kuma taubashinta, sai abin nema ya samu.

"Nasara ya tahi, ya bar muna magaji," haka take cewa a gaban kowa.

Sai a yi dariya, wanda ya yi dariya kuwa ba ya tambaya. Abin da take so ke nan. Ita kaɗai a buro, wato ofishinsu, ta san tabon marin ƙarfe ne a ƙarƙashin safar, don ita ta wanke gyambon da ruwan gishiri shekara goma sha ɗaya da suka wuce, tana ma'aikaciyar jinya. Dokar ƙungiyar ta farko kuwa ita ce: mai ciwo shi ke da bakin faɗin ciwonsa.

Ranar Talata suka isa wani ƙauye kusa da Tajaye, zuwansu na uku gidan Malam Alkasum. Ɗansa Tanimun ya dawo daga cin rani kansa ba daidai ba, shekara biyu ke nan yana ɗaure da mari a gindin aduwa. Zuwaira ta san in suka tashi yau hannu rabbana, sai bayan damina, don hanyar ba ta biyuwa da ruwa. Ga kuma doka ta biyu, wadda ita ta kafa, take kuma jin haushinta: ba a yanke mari da ƙarfi, wanda ya sa shi ne zai ce a cire. In ba haka ba, kafin ƙurar mota ta kwanta an mayar.

"Hajiya, ba ƙin shi nike ba," in ji tsohon. "Bakin rijiya munka iske shi yana leƙe. In na sake shi ya hwaɗa, wa za ya maido min shi?"

"Baba, akwai magani. Duk wata muna kawowa har gida."

"Kowa ya zo haka yaka cewa. Ku gwada min mutum guda da anka kwance ya koma cikin mutane. Guda tak."

Amsar tana zaune a kan tabarma, kamu ɗaya daga inda take, tana shan ruwan fura. Zuwaira ta ji maganar ta taso mata har maƙogwaro. Ta dubi Tanimun da ke wasa da ƙasa, tausayi ya kama ta, ta kuma haɗiye. Ba ta ko kalli inda Rabo yake ba, kada kallon ya zama roƙo.

Aka kira azahar. Al'adar Rabo ce ya ɗauki buta ya zagaya bayan mota, kowa ya ɗauka tsabar kunya ce. Yau sai ya jawo butar gaban tsohon, ya tsuguna. Ya wanke hannu, ya kurkure baki, ya yi komai a natse. Da ya zo ƙafa sai ya ɗan tsaya, sannan ya zare safar dama, ya zare ta hagu.

Zobe biyu, farare fat, sun kewaye idon sahunsa. Malam Alkasum ya daɗe yana dubansu. Tabo ne da ba ya bukatar tafinta a gidan nan.

"Shekara nawa?" ya tambaya a hankali.

"Huɗu, Baba. Ni gindin kurna anka ɗaure ni. Yanzu ina da ɗiya ukku, kuma ko da sahen nan na sha ƙwayata."

Aka idar da salla. Da tsohon ya shafa fatiha, ya yafito matarsa Hawa'u.

"A kira min maƙeri."

Da marin ya faɗi, Zuwaira ta wanke gyambon, ta naɗe. Rabo ya kakkaɓe safar, ya durƙusa, ya sa wa Tanimun da kansa.

"Ni na yi shekara goma sha ɗaya ciki," ya ce. "Kai Allah sa kada ka kai girbi."

A hanyar dawowa Rabo ya ja motar har suka hau kwalta. Zuwaira ta saci kallon ƙafafun taubashinta a kan birki, tsirara, iska na bugun su. Ta goge ido da gefen mayafi.

"Kai dai ba ka da kirki," ta ce. "To ni yanzu da mi zan tsokane ka?"