Tuwon Baƙo

Duk unguwar Kwamba babu wanda ya san Ramiru, ɗan wasan fim na ƙasar Meziko, kamar Baƙo mai gidan kallo. Ramiru harshe biyu gare shi: da Turawa ya yi Turanci, da 'yan gidansu kuwa ya juya zuwa yarensu. Baƙo ke fassara wa 'yan kallo. Turancin yana tsinta daidai gwargwado, amma yaren nan ko "zo in kashe ka" bai sani ba. Sai ya ƙirƙiro nasa, ya zuba ba kunya ba tsoron Allah, jama'a na ta dariya.

Da maƙogwaronsa ya gaji, sai ya jona makirifo ya ɗora muryarsa a kan kaset ɗaya. A daminar shekarar casa'in da huɗu, motar da ya shiga zuwa garin Gawu Babangida ta kife, Allah ya yi masa rasuwa. Abin da ya bar wa ƙanensa Sha'aibu shi ne talabijin, bidiyo da kaset ɗin nan.

Tun daga lokacin, duk Juma'a in an sauko daga masallaci, Sha'aibu kan kinkimi kayan ya kai ɗakin mahaifiyarsu, Inna Asabe. Ita ba ruwanta da harbe-harben. Wuri ɗaya take jira, inda Ramiru ke durƙusawa gaban tsohuwarsa kafin ya hau doki, muryar Baƙo ta fito daga bakinsa: "Inna, ki ajiye min tuwona, ba zan daɗe ba."

Kuma tana ajiyewa. Kullum sai ta rufe kwano ta tura ƙarƙashin gado, da safe ta ba kaji. Abin yana cin Sha'aibu a rai, har ya kai ba ya iya kallon fuskar Ramiru, don idon yayansa yake gani a ciki.

Kaset kuwa ba ƙarfe ba ne. Kowace Juma'a muryar sai ta ƙara dushewa, kamar mai magana daga cikin rijiya. Sha'aibu ya so a kwafe shi, mai gyara a unguwar Wambai ya ce zaren ya riga ya cinye, hoton kaɗai zai fita.

Ranar da yake tsoro ta zo. Ramiru ya durƙusa, bakinsa ya motsa, babu sauti sai shuuu. Inna ta matso da kunnenta. Sha'aibu yana bayanta, ya ji maƙogwaronsa ya buɗe da kansa, da wata murya da shi ma ta tayar masa da tsigar jiki.

"Inna, na ƙoshi. Ki daina ajiye min."

Ta daɗe ba ta juyo ba. Ramiru ya hau dokinsa ya tafi, ita tana kallon bayansa.

"Na san kai ne, Sha'aibu," in ji ta a hankali. "Mayar da shi baya, ka sake faɗa."

Ya mayar, ya sake faɗa. Sannan ta jawo kwanon daga ƙarƙashin gado ta ajiye a gabansa.