Algaitar Gidan Geddes

Tun da aka manne tagogin tsohon shagon mahauta da jaridu, garin Strathbeg ya rasa zancen yi sai na shagon. Wasu suka ce mashaya za a buɗe, wasu suka ce wani ɗan birnin Auckland ne zai sayar da tarkacen 'yan yawon buɗe ido. Morven mai gidan shayi ta rantse ta ga an shiga da keken guragu.

Alasdair Geddes bai sa baki ba. Tsoho ne mai kiwon tumaki, kuma shi ne shugaban masu busa algaitar jaka, irin wadda kakanninsu suka tsallako teku da ita daga Scotland. Shi dai tunaninsa bikin kakanni da ke tafe.

Ran Laraba da hantsi yana zaune wajen Morven, ya kai kofi baki ke nan, sai busa ta taso daga tsallaken titi. Hannunsa ya tsaya cak.

"Lafiya, Alasdair? Ka ga fatalwa ne?" in ji Morven.

Ya kasa kunne. Wannan taken kakansa ne ya ƙirƙira, ba a taɓa busa shi ko'ina ba sai a gidansu. Mutum biyu mahaifinsu ya koya wa, shi da ƙanensa Lachlan. Lachlan kuwa ya bar garin tun suna da baƙin gashi, ranar da aka binne mahaifin, ya tafi da algaitar tsohon ba tare da ya tambayi kowa ba. Tun daga nan ko sunansa ba a ambata a gaban Alasdair.

Ya ajiye kofin, ya tsallaka titi, ya buga ƙofar da sandarsa. Busar ta yanke. Masu shan shayi duk suka fito bakin ƙofa.

Wata budurwa ce ta buɗe, doguwa, wankan tarwaɗa, kamannin mutanen Samoa a fuskarta. Algaitar na ƙarƙashin hammatarta. Alasdair ya gane zoben azurfar da ke wuyan algaitar, har da lotsewar da ya yi tun suna yara.

"Ba mu buɗe ba tukuna, baba," ta ce.

"Wa ya koya miki wannan taken?"

"Mahaifina."

"Ita kuma wannan, kin san ta sata ce?"

Fuskarta ta canza. Ta gyara tsayuwa ta cika ƙofar. "Sunana Teuila Geddes. Algaitar nan kuwa ban san ta da sunan kayan sata ba. In kai ne Baffa Alasdair, ka shigo, amma ka bar sandar nan a waje."

Ya dube ta, ya dubi jama'ar da ke bayansa. Ya jingine sandar.

Ciki ƙamshin fata da kakin zuma. Ga teburin aiki, ga jakunkunan algaita a rataye, ga yadudduka masu ratsin kowace zuri'a a jere. A kusurwa wani mutum na zaune a keken guragu, bargo a cinyarsa, gefen bakinsa ya karkace. Sai da Alasdair ya ga idanun kafin ya yarda ƙanensa ne.

"Yaya," in ji Lachlan, kalmar na fita da ƙyar. "Ka tsufa."

"Kai kuma ka dawo ka buɗe kasuwa da kayan uban wani."

"Ubana ne ni ma."

"Ni ne babba!" Muryar Alasdair ta cika shagon. "Ni na yi jinyarsa kana yawon mashaya. Ni na haƙa kabarinsa. Na dawo gida na tarar da akwati wayam!"

Teuila ta matsa tsakaninsu. Lachlan ya ɗaga hannun da ke motsi. "Ba shi, Teuila."

"Baba, da ita na koya."

"Na ce ba shi. Ni huhu ya ƙare, hannu ya mutu. Dawo masa da ita ne ya kawo ni."

Ta miƙa, idonta ya kawo ruwa amma ba ta sunkuyar da kai ba. Alasdair ya karɓa. An sake jakar, ɗinkin ya yi kyau ƙwarai. Ya sa baki ya hura, jakar ta fara kumbura, sai tari ya sarƙe shi. Ya sake gwadawa, ƙirjinsa ya ƙi. Tun bara yake ɓoye wa 'yan ƙungiya cewa numfashinsa ba ya kaiwa, kuma 'ya'yansa babu wanda ya koya.

Lachlan bai yi dariya ba.

Alasdair ya dangwarar da algaitar a kan teburi. "Kina gaggawa a baiti na biyu," ya ce wa yarinyar. "Laifin malaminki ne. Asabar da yamma, atisayen ƙungiya a zauren coci. Kada ki makara."

Ya fita bai kalli ƙanensa ba.

A bikin, Teuila ce ta yi busa a sahun gaba, Alasdair yana tafiya gefenta hannu a baya. Mutane suka yi ta kawo mata tsofaffin algaitu gyara, har daga garin Gore. Shi kuwa sai da sanyi ya shigo kafin ya sake taka shagon. Ya kawo cinyar rago, ya ce ta yi masa yawa ne, ya zauna nesa da keken Lachlan yana ƙorafin farashin ulu.