Kan Mai Kitso

Ni da ke gyara kawunan matan unguwa, wai nawa kan ne ya zube. Tsakiya fayau kamar bayan faranti. Ko a shago ba na cire ɗankwali, sai in ce mura nake gudu. A ɓoye na sayi ƙwayar tsiro da gashi ina ta afawa.

Ciwon suga kam mun saba da juna. Abin da ya ɗaga mini hankali shi ne da likitata ta ce ƙodata na ja da baya. Kuma don ƙarin abin kunya, likitar nan ni nake mata kitso. Sau nawa na ja mata kunne a kan rashin shafa mai!

"Anti, abin ya ɗaure mini kai," in ji ta. "Ga kumburi, ga jin sanyi, ga barci. Na zargi tayirod, 'yar tsokar nan ta maƙogwaro. In ta yi sanyi, ƙoda ma takan rage aiki, kuma da magani takan farfaɗo. Amma gwajinki ya nuna lafiya lau. In haka ne, sugan ne ke cin ƙodar, wannan kuwa ba ya komawa baya. Gashinki na zuba?"

"Wa? Ni? Haba dai!"

"Ba kya shan komai bayan maganina?"

Wankin ƙoda ya faɗo mini a rai, na tuna maƙwabcinmu da ake ɗaukowa a mota kamar tsumma. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na zaro robar ƙwayar gashin daga jaka na ajiye a tebur.

Ta karanta, ta dafe goshi. "Wannan ƙwayar takan rikita gwajin tayirod. Ta mene ce kike sha?"

Sai kawai na kwance ɗankwalin, iskar fanka ta bugi fatar kaina.

Ba ta yi dariya ba. Ta zagayo bayana ta tsaya, daidai yadda nake tsaya mata a shago, ta sa yatsu tana buɗa ɗan abin da ya rage.

"Ki daina sha, mu sake gwaji," ta ce. "Sunkuyar da kai, Anti, in gani da kyau."

Maganata ce, wadda nake faɗa wa kowa. Na sunkuya.