Ƙwallon da Ya Biyo Tsakiya

Ni dai ban iya rarrashi ba, kowa a unguwarmu ta 'yan fansho a Florida ya san haka. Shi ya sa na yi mamaki da Glenda ta zaɓe ni abokiyar wasanta a gasar bana ta fikilbol, wasan nan mai kama da tanis da ake bugawa da ɗan allo, wata biyar bayan rasuwar mijinta Vernon.

Hannunta lafiya lau, ƙafa ma ta fi tawa. Matsalar ɗaya ce. In ana bibbiyu, duk ƙwallon da ya ƙetaro raga ya biyo tsakiya, dole ɗaya ya yi ihu ya ɗauka. Shekara da shekaru Vernon ne mai ɗauka. To har yanzu in ƙwallo ya biyo nan sai Glenda ta ɗan ja da baya, ta sauke allon bugunta, ƙwallo ya wuce mu salin-alin.

"Haba Glenda! Wa kika bar wa?"

"Yi haƙuri, Darlene, na sha'afa."

"Sha'afar me? A gasa tsakiyar nan za su yi ta ɗirka mana, baiwar Allah. Matan nan ba su da imani."

Na ga abin ba a hannu yake ba, a kai yake. Sai na sa mata doka. Kullum da safe, kafin mu taɓa ƙwallo, mu zauna a benci da kofin shayinmu, ta rufe ido, ta ja numfashi, ta hango ƙwallo tafe ta tsakiya, ta ce, "Bar min!" Da fari kamar mai raɗa take faɗa.

"Da ƙarfi mana! Ko kyanwata ba za ta matsa miki ba."

Ta yi dariya, rabon da in ji dariyarta tun kafin jana'iza. Haka muka yi ta yi har bakinta ya saba.

Ranar gasa muka haɗu da wasu 'yan'uwa biyu daga Tampa, masu riguna iri ɗaya. Wasa ya yi zafi, sai ga ƙwallo nan ya taho ta tsakiya. Kafin in motsa na ji "Bar min!" har 'yan kallo suka waiwayo. Glenda ta shiga ta maka shi a gindin ƙafar babbar. Na daka tsalle da wannan gwiwar tawa mai ciwo.

Da na juya, tana tsaye cak da allon a hannunta.

"Darlene, ban jira shi ba," ta ce.

"Wa?"

"Vernon. Duk lokacin da na ja baya, sai in ji kamar zai shigo ta gefena, har numfashinsa nake ji. Nan kaɗai ya rage min shi. Yanzu ko tuna shi ban yi ba."

Wallahi sai a lokacin na gane. Ni ina ta murna na gyara mata wasa.

'Yan Tampa suka tambaya ko lafiya. Glenda ta share ido da gefen riga ta ce a ci gaba.

Ba a jima ba wani ƙwallon ya sake biyo tsakiya, a hankali, ko jikata za ta iya mayar da shi. Na ga Glenda ta ja baya. Ni ma sai na sauke allona, muka tsaya muna kallo ya wuce ta tsakaninmu.